Inhela mai fesa kanta: wane lokacin ne yake kufce wa Inna?

Tambayar ta fito ne daga wani matashi mai gyaran waya da haɗa sola a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura. Mahaifiyarsa ta ba sittin baya, ta daɗe tana fama da asma. An rubuta mata inhela, shuɗiyar nan, amma kullum cewa take ba ta jin aikinta, gara a kai ta kemis a yi mata allura. Ya ce ya ga bidiyon wata inhela mai fesa magani da kanta, shi ne yake tunanin ya haɗa irinta: Arduino, wato ɗan allon kwamfuta mai sarrafa inji, da ɗan inji mai danna gwangwanin, da agogon da zai riƙa sa ta fesa a kan lokaci. Yana tambaya ko hakan zai yi, ko kuwa akwai inda ake sayar da ita.

Ƙanena, Allah ya yi maka albarka, ita kuma Inna Allah ya sa kaffara ne. Na yi shekaru ina miƙa wannan gwangwanin ta tagar ɗakin magani a wani asibitin ƙaramar hukuma a nan Jigawa, don haka "ba ta yi mini aiki" ba baƙuwar magana ba ce a kunnena. Abin da kake son ƙerawa akwai shi, an ma daɗe da ƙera shi. Sai dai a tambayarka ka ɗaure lokaci iri biyu da igiya ɗaya. Akwai lokacin agogo, na safe da dare. Akwai kuma wani ɗan lokaci da bai wuce ƙiftawar ido ba, wanda yake cikin numfashi ɗaya tak. Ina kyautata zaton na biyun ne yake kufce wa Inna, kuma shi agogo ba ya gyara shi.

Zare gwangwanin daga gidansa na roba ka duba. A cikinsa akwai garin magani mai laushin gaske yana iyo a wani ruwa da aka matse, wanda da ya sami ƙofa yake komawa iska. A wuyansa akwai ɗan bawul mai mudu, yana cika da awo ɗaya: maikirogiram 100 na salbutamol, wato maganin da ke cikin shuɗiyar, a kowane danni, danni 200 a gwangwani. Idan aka danna, abin da ke mudun yana fitowa gaba ɗaya cikin ƙasa da rabin sakan, a guje. Ƙwayoyin da za su iya gangarawa har ƙananan hanyoyin iska su ne waɗanda ba su wuce maikiron 5 ba. Kaurin silin gashin kanka ya ninka haka fiye da sau goma. Irin waɗannan ba su da ƙafa, sai iska ta ɗauke su. In ba ta riga ta fara shiga ba a lokacin da suka fito, sai su daki harshe da ganɗa da bayan maƙogwaro su manne, a haɗiye su da yawu. Ko a hannun wanda ya iya, kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ne kawai suke isa huhu.

Inna ta fi ni sanin wannan, tunda ta yi shiƙa. Mai shiƙa takan ɗaga ƙwarya ta tsaya, ba ta zubo hatsi sai ta ji iska ta taso. In ta yi gaggawa, ƙaiƙayi da tsaba su zube wuri ɗaya. Da haka nake koya wa tsofaffi: a girgiza, a fitar da numfashi gefe, a kama bakin inhelar da leɓe, a fara ja a hankali, iska ta taso tukuna, sannan a danna, a ci gaba da ja kamar sakan huɗu zuwa biyar, a riƙe kamar sakan goma. A faɗa da baki abu ne mai sauƙi. Mutumin da ƙirjinsa ke kukan kyanwa da tsakar dare, ga tsoro, ga duhu, ga yatsu masu ciwon sanyi, shi zai gaya maka ko da sauƙi.

Ba na manta wata dattijuwa da ta zo karɓar gwangwani na uku tana ƙorafin maganin na yanzu ba shi da ƙarfi. Na ce, Baba, yi a gabana in gani. Ta kwance shi daga ƙullin bakin mayafinta, ta buɗe baki, ta fesa sau biyu a jere, fis fis, kamar mai fesa turare. Sanyin feshin ya taɓa mata maƙogwaro ta ɗan zabura ta ɗauke numfashi. Sai da ta rufe baki ta haɗiye sannan ta ja iska ta hanci. Ina kallon farin hayaƙin yana fita ta gefen bakinta. Gwangwani biyu cur sun tafi a haka, danni 400, kuma babu wanda ya taɓa nuna mata, har da ni da na miƙa mata na farkon ta taga ina kiran na bayanta. Kada ka ɗauka ƙauyanci ne. A 2016 an tattara bincike 144 da aka yi a ƙasashe daban-daban cikin shekara arba'in, a kan mutum sama da dubu hamsin, aka ga kusan kashi 31 cikin 100 ne kawai suke amfani da inhela daidai, kuma a duk tsawon shekarun nan abin bai gyaru ba. Kusan rabin masu irin ta Inna a wajen haɗa danni da jan numfashi suke tuntuɓe.

Ita kanta inhelar a 1956 aka fara sayar da ita a Amurka, daga wani kamfani mai suna Riker. Labarin da aka sani shi ne 'yar shugaban kamfanin, yarinya mai shekara goma sha uku mai asma, ita ta tambayi ubanta me ya hana a zuba maganinta a gwangwani irin na feshin gashi. Ba a daɗe ba likitoci suka lura mutane ba sa iya haɗa hannu da numfashi, aka shiga neman abin da kake nema yau. Amsar da ta fi daɗewa ana amfani da ita ba ta da batir ko waya ko guda. Ana ce mata Autohaler. Za ka ɗaga wani ɗan hannu a samanta, ya ɗana sifirin. A cikin bakinta akwai ɗan faifai mai lilo. Da ka fara ja, iskar ta kai kamar lita 30 a minti, sai faifan ya motsa, ya saki kunamar, sifirin ya danna gwangwanin. Tarkon ɓera ne sak, numfashi ne ɓeran. Akwai wata, Easi-Breathe, wadda buɗe murfin ne yake ɗana ta, ita kuma tana tashi da jan da bai kai haka ba, kamar lita 20. Wani awo da aka buga a Ingila a 1991 ya nuna cewa masu kuskuren lokaci, da ƙyar kashi 7 na maganin yake isa huhunsu da inhelar hannu, amma da mai ɗana kanta ya haura kashi 20. Waɗanda dama sun iya kuwa babu abin da ta ƙara musu.

Sai masu garin magani busasshe, irin su Turbuhaler da Accuhaler, waɗanda babu feshi a cikinsu sam. Jan numfashinka ne yake kwaso garin. Sun kashe matsalar danni, sun haifo wata: suna son ja mai ƙarfi da sauri tun daga farko, abin da tsohuwa a tsakiyar tashin ciwo ba lallai ta iya ba, kuma laimar damina ba ta yi wa garin daɗi. Wanda ya yi numfashi a cikinta ma ya jiƙa awonsa.

Masu kwamfuta a ciki fa? Tun a shekarun 1990 wani kamfani a Kalifoniya ya fitar da SmartMist, mai auna saurin iska da yawanta, ba ta fesawa sai sun yi daidai. Ta yi aiki, ba ta yi kasuwa ba. Akwai injinan turara magani irin su I-neb da ke nazarin numfashin mutum na farko su saki magani a sashen farko na ja kawai, amma waɗannan na cututtuka ne na musamman masu magani mai tsada. Yawancin abin da ake tallatawa yau da sunan inhela mai wayo, kuma ina zargin irinta ka gani a bidiyon, ba ta fesa komai. Sensa ce ake maƙalawa, irin ta Propeller ko Hailie, ta rubuta ranar da sa'ar da aka danna, ta aika wa waya ta Bluetooth, waya ta yi ƙara in an manta. Kamfanin Teva ya sami izini a Amurka a ƙarshen 2018 ya fitar da Digihaler mai sensa a jikinta, har ƙarfin ja take aunawa. A 2024 ya daina yin ta. Ka ga can ma inda wuta ba ta ɗaukewa, kowa da babbar waya, abin bai zauna da gindinsa ba. Ni dai ban taɓa miƙa ko ɗaya daga cikinsu ta tagata ba. Mu a nan, tun da kamfanin GSK mai yin shuɗiyar inhelar Ventolin ya sanar a Agustan 2023 cewa zai daina sayar da magungunansa da kansa a Najeriya, ga kuma naira ta faɗi, farar-hular inhelar ma ta yi tashin gwauron zabi.

Yanzu ga injinka. Zan gaya maka inda nake jin tsoro, kai da ka san wuta ka auna.

Agogon dai cire shi. Shuɗiyar inhela ba a shan ta da agogo, ta buɗe ƙirji ce in ya tsuke. Tana fara aiki cikin minti biyar, ta riƙe sa'a huɗu zuwa shida. In aka mayar da ita ta kullum a kan ƙa'ida, jiki yana rage jin ta, ga bugun zuciya da rawar hannu, kumburin da ke ƙasa kuma yana nan yana ci. Kuma injin da ya fesa ƙarfe shida daidai alhali Inna tana bakin rijiya, ɗaki ya yi wa magani.

Saura dannin da numfashi zai tayar. Gwangwanin nan yana son ƙarfin da ya kai nauyin kilo uku ko huɗu kafin bawul ya buɗe, kuma dole dannin ya zama na farat ɗaya har ƙasa. Ɗan injin da ake haɗawa da Arduino yana tafiya ne a hankali in ya ji nauyi, in batir ya yi sanyi kuma ya tsaya a rabin hanya. Rabin danni ba ya ba da rabin awo, yana ba da awon da ba wanda ya san nawa ne. Bayan danni dole gwangwanin ya koma sama gaba ɗaya, yana tsaye, kafin mudun ya sake cika. Dole a girgiza shi dab da fesawa, don garin yana rabuwa da ruwan cikin 'yan sakanni. Sensar da za ta ji jan tsohuwa mai rauni, ita ce kuma za ta ji tari ko iskar hunturu ta ɗauka ja ne. Sannan ga ƙura, wadda kai ka fi ni sanin abin da take yi wa soket ɗin caji. Shi ya sa masu Autohaler suka bar wa sifirin aikin ƙarfi, suka bar wa numfashi sakin kunama kawai. Babbar tambayar da ake yi wa duk na'urar ceton rai ita ce: ranar da ta mutu, me zai faru? In waya ta mutu, a kawo maka gobe. In wannan ta mutu ƙarfe huɗu na asuba, da gwangwanin a kulle a cikinta da sukurori huɗu, babu goben. Ba na so a yi gwajin farko a ƙirjin mahaifiyarka.

Akwai wata hanyar, ita nake so ka gwada yau ɗin nan. Maimakon a yi ta neman dacewa da rabin sakan, sai a tsawaita shi. A sa ɗaki tsakanin inhela da baki, feshin ya shiga ya rage gudu, manyan ƙwayoyin su manne a bango maimakon maƙogwaro, ƙananan su tsaya a iska suna jira. Ana sayar da irin wannan bututun a manyan kantunan magani a Kano da Dutse, mai bawul, wani har da abin rufe fuska na yara, wani yana yin fito in an ja da sauri fiye da kima. In da hali, saya shi ya fi. In babu, gorar ruwa ta roba mai rabin lita ta isa. Wannan ba dabarar kemis ba ce. Farfesa Heather Zar da abokan aikinta a asibitin yara na Red Cross da ke birnin Kef a Afirka ta Kudu sun gwada ta a kan yaran da asma ta tasar wa, suka buga sakamakon a 1999: gorar da aka liƙe da kyau ta yi aiki daidai da bututun kanti, kofin roba kuwa bai kama ƙafarsu ba. A kan yara aka yi, amma iskar da ke cikin gora ba ta tambayar shekaru.

Ga yadda nake yin ta. Ka sami wayar ƙarfe mai ɗan kauri ka lanƙwasa ta daidai siffar bakin inhelar. Ka gasa ta a wuta, ka dangwala a tsakiyar gindin gorar, ta huda. Tun robar tana da laushi ka tura bakin inhelar ciki, ta huce a kansa ta kama shi gam. In ya saura da 'yar ƙofa, ka liƙe da salatif. Kada ka damu da inda iska za ta shiga, tana bi ta gefen gwangwanin a cikin gidansa. Sai ka wanke gorar da ruwan omo kaɗan, kada ka ɗauraye cikinta sosai, kada kuma ka goge da tsumma. Kife ta ta bushe da kanta, ka share bakin kawai. Dalilin zai yi maka daɗi: busasshiyar roba tana tara irin wutar nan da ke sa biro ya ɗauki takarda in an goga shi a gashi, a hunturu ma ta fi yawa, ita kuma tana fizge maganin ta manna shi a bango. Ɗan sauran sabulun yana kashe ta. Wajen sha, a girgiza, a soka, Inna ta fitar da numfashi gefe, ta kama bakin gorar, a danna sau ɗaya, ta ja a hankali ta riƙe. In ba ta iya riƙewa, ta yi numfashinta na yau da kullum sau biyar ko shida a cikin gorar. Danni ɗaya, sha ɗaya. Kada a tara biyu ko uku a ciki. Wani abin daɗin shi ne ba lallai ita ce za ta danna ba. Jikarta 'yar firamare ma za ta iya. Ka yi guda biyu tun tana lafiya, ɗaya a ɗakinta ɗaya a naka, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Dattijuwar da na ba ka labari, a bencin ƙofar ɗakin magani muka yi mata haka. Bayan kamar minti goma ta ɗora hannu a ƙirji ta ce, "Ashe har nan yake zuwa?"

Da wannan mun gama da rabin sakan. Saura lokacin agogo, kuma a nan ne nake zargin akwai ɓaraka mafi girma. Ka ce shuɗiya aka ba ta. Ita kaɗai? Asma kumburi ce a bangon hanyoyin iska, tsukewar da ake ji 'yarta ce. Salbutamol tana sassauta tsukewar, ba ta taɓa kumburin. Mai taɓa shi wata inhelar ce daban, irin su beclometasone da budesonide, sau da yawa mai ruwan ƙasa, wadda ake sha kullum ko ana lafiya, kuma ba a jin komai lokacin da aka sha ta, shi ya sa mutane suke jefar da ita su ce ta banza ce. Sai an yi sati ɗaya zuwa biyu ake fara ganin dare yana wucewa ba a tashi ba. Tun 2019 kwamitin duniya mai fitar da ƙa'idojin kula da asma, GINA, ya daina yarda a bar babba ko matashi da shuɗiya ita kaɗai. An ga cewa wanda yake ƙarar da gwangwani uku ko fiye a shekara ya fi shiga haɗarin mummunan tashi. Akwai ma haɗin budesonide da formoterol a inhela ɗaya, mai buɗewa da gyarawa a tare, in aljihu zai ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ne ke da asma a 2019, ta kashe dubu 455, akasarinsu a ƙasashe irin namu, inda ake samun allura a rasa wannan.

Ita wannan ta kullum ɗin ce take son agogo, kuma agogonta yana nan a masallacin unguwarku. Sau biyu a rana ake sha, tsakani kamar sa'a goma sha biyu. Na kan ce a ajiye ta inda ake ajiye buta, a sha kafin alwalar asuba da kafin ta magariba. Riba biyu ce: ladan ba ya mantuwa kuma ba ya neman caji, sannan dole ne a kurkure baki bayan irin wannan inhelar don kada ta kawo farin harshe da dishewar murya, alwala kuwa da kurkurar baki take. Da azumi sai a mayar sahur da buɗa-baki. Game da shuɗiyar da rana, malamai sun saɓa, da yawa daga na wannan zamani sun ce ba ta karya azumi; a tambayi malamin gari tun kafin watan ya kama. Amma wanda numfashinsa ya sarƙe da azahar ba ya jiran magariba.

Ka lura kuma da sa'ar da take tashi. Hanyoyin iska sun fi tsukewa wajen ƙarfe huɗu na dare, dab da kiran assalatu. In Inna tana farkawa a wannan lokacin da tari ko kukan ƙirji ko da sau ɗaya a sati, ciwon bai kwanta ba, kuma ƙarin shuɗiya ba shi ne amsa ba.

Tunda ta haura sittin, kuma na tabbata ta yi shekara arba'in tana hura kara da itace a madafa, ina so likita ya sake dubawa ko asma ce ita kaɗai. Hayaƙin murhu yana kawo wata toshewar huhu ta dindindin mai kama da ita. Ciwon zuciya ma yana sa haki da kukan ƙirji da dare, musamman in ƙafa tana kumbura. Ga kuma ruɗanin suna: tsofaffinmu suna ce wa asma fuka, rediyo kuma tana ce wa tibi tarin fuka, cuta biyu da ba su haɗa komai ba. Tarin da ya wuce sati biyu, da rama, da gumin dare, a kai majina gwaji, kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati. Awon hura iska na tantance huhu kuwa sai manyan asibitoci, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ka kuma zazzage ledar magungunanta. Asfirin, ibuprofen da diclofenac da ake saya don ciwon gwiwa suna tayar wa wasu masu asma ciwo. Propranolol na hawan jini da ɗigon ido na timolol suna toshe ainihin ƙofar da salbutamol take bi. Na sha ganin an ɗora wa inhela laifin ƙwayar da ke kwance kusa da ita a leda ɗaya. Lokacin sussuka da shiƙa kuma ta koma gefen da iska ke fitowa, ko ta bar wa yara. Maganin sauro na kunnawa da turaren wuta a rufaffen ɗaki su ma a rage.

Ban ce ka ajiye kayan aikinka ba. Akwai abin da nake buƙata tun shekaru ban sami mai yi ba. Yawancin shuɗayen inhelar da ke kasuwarmu ba su da ƙidaya. Gwangwanin yakan ci gaba da yin fis bayan danni 200 sun ƙare, iska ce kawai da ɗan abin da ba a rasa ba, mutum yana ta fesawa yana cewa maganin jabu ne. Jefa shi a ruwa a ga ko zai nutse, da wasu ke yi, ba awo ba ne, yana ma iya toshe bawul ɗin. Ka yi ɗan hula da za ta zauna a kan gwangwanin, da makunni a ƙarƙashinta, duk danni ta ƙirga ɗaya ta rubuta sa'a, da ƙaramin batir irin na agogon hannu, ta kunna jar wuta in an kai 180. Sharaɗina ɗaya ne: in ta mutu ko an cire ta, inhelar ta yi aiki kamar ba a taɓa sa mata komai ba, kuma kada ta toshe hanyar iskar da ke gefen gwangwanin. Da irin wannan, in Inna ta zo asibiti, ba sai na tambaye ta sau nawa ta sha ta ce "kaɗan-kaɗan dai" ba. Zan ga danni goma sha takwas a sati, goma daga ciki tsakanin uku da biyar na dare, in san abin da zan gaya wa likita. Na biyu, na'urar koyo: gidan inhela marar magani da sensar iska, koriyar wuta in ja ya yi daidai, ja in an fizga. A ajiye ta a ɗakin shan magani na ƙauye, ma'aikacin lafiya ya riƙa gwada mutane. A nan in injinka ya yi kuskure, ba wanda zai rasa numfashi. Kafin ka gama, bango da gawayi ma sun isa: danni ɗaya, zane ɗaya. Kuma a kiyaye zafi. Kada a bar gwangwanin a taga ko a aljihun babur a rana irin ta Afrilu, kada yara su jefa wanda ya ƙare a wuta, yana fashewa.

In ciwon ya tashi da ƙarfi, a zaunar da ita, kada ta kwanta. Danni huɗu zuwa goma ta gora, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da numfashinsa biyar ko shida, a maimaita duk minti ashirin har sau uku. In ba ta iya ƙarasa magana a numfashi ɗaya, ko leɓe ya canza launi, ko ta fara gyangyaɗi, ko kukan ƙirjin ya ɗauke alhali hakin yana ƙaruwa, a nemi mota tun a zagayen farko, a ci gaba da ba ta a hanya. Shirun nan na ƙarshe shi ya fi ruɗar mutane, su ce ta samu sauƙi, alhali iskar ce ta daina wucewa.

Ka sa ta sha a gabanka yau, kada ka gyara mata, ka kalla kawai, ka ga ko hayaƙi yana fita ta baki ko hanci. Sannan ka rubuto mini sunan da ke jikin gwangwanin da lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa, kwana nawa ɗaya yake yi mata, sau nawa ta farka da dare a satin nan, da sunan duk ƙwayar da ke cikin ledar.